Shekara Tara Baba Mita Yana Zaɓen Mota

Shekara talatin da ɗaya Baba Mita ya yi yana shiga gidajen mutane, ba wanda ya taɓa murnar ganinsa. Aikinsa a hukumar ruwa karanta mita ne. Ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya durƙusa a gindin katanga, ya ɗaga murfin ƙarfe, ya kore kyankyasai, ya goge gilashin da babban yatsa, ya kwafe lambobi a littafinsa, ya wuce gida na gaba. Karnuka uku suka cije shi, ɗaya daga ciki har sau biyu. Duk wannan yawo a ƙasa ya yi shi, da takalman da kullum ta gefen hagu suke cinyewa. Sunansa na gaskiya ya ɓace tun yana saurayi. A ofis Mita, a unguwa Mita, da furfura ta fito aka ƙara masa Baba.

A durƙushen nan ya koyi mota. Mitar ruwa yawanci a bakin ƙofa take, daidai inda ake ajiye mota, don haka motocin garin ta ƙasa ya fara saninsu: wadda ke ɗigar da baƙin mai, wadda tsatsa ta cinye wa ciki, wadda aka ɗaure salansarta da waya alhali samanta sai sheƙi. A nan kuma ya kamu da son motar dizal. Yana son ƙarar injinta da safe, kamar ana karkaɗa tsakuwa a gwangwani. Motar fetur, a faɗarsa, ta masu gaggawa ce da waɗanda ba su san ciwon kansu ba.

Cikin motocin dizal ma akwai wata ƙira guda, mai ƙofa huɗu, da ya ɗora wa rai. Kamfanin da ke yin ta ya sake mata fasali sau uku, shi kuwa ya raɗa wa ukun suna: Kaka, Uwa da Jika. Duk wanda ya zauna kusa da shi a benci na minti biyar sai ya sha karatun.

Kaka, in ji shi, ƙarfe ce zalla. Babu kwamfuta a jikinta, famfonta na mai na hannun bakanike ne, ko da guduma a gyara shi. Kowane irin mai aka zuba mata za ta haɗiye. Aibinta nauyin jiki, da hayaƙi, da tsatsa a ƙasan ƙofa. In za ta hau tudu, mai keke ma sai ya wuce ta yana gaisuwa. Uwa kuma an sa mata turbo, ta fi sauri, ta fi tattalin mai, wayoyinta kaɗan ne, amma fa ba duka ba. Ta shekara biyun farko nozul ɗinta, bakin da ke fesa mai cikin inji, na yoyo, ta shekarar ƙarshe kuma an fara cusa mata wayoyin Jika, don haka ta tsakiyar kaɗai ake so, ita ma mai giyar hannu, ita ma wadda ba a taɓa buɗe kan injinta ba. Jika kuwa in ya zo kanta sai ya taɓe baki.

"Wannan ai wayar hannu ce aka sa wa taya," in ji shi. "In ta yi tari sai an kira mai kwamfuta ya tambaye ta ina ke ciwo. Akwai wata matatar hayaƙi a cikinta, in ba ka yin doguwar tafiya sai ta toshe. Mai kuwa in ba tsaftatacce ba ne, ta yi fushi ta zauna. Ni da nake da 'ya'ya mata, na san halin."

Ya yi ritaya, abokan aiki suka ba shi agogon bango. Abu na farko da ya yi shi ne gina ɗakin mota a gefen gida. Da kansa ya auna, ya tsaya a kan magini, ya sa aka yi rami a tsakiya don duba ƙasan mota, aka yi kanta a bango don galan-galan ɗin mai. Matarsa, tela ce da ta shekara talatin tana taka keken ɗinki a ɗakin gaba, ta leƙo ta ga ƙofar ƙarfe sabuwa fil.

"Malam, motar fa?"

"Ana kan bincike. Mota ba tumatir ba ce da za a ɗauka a jefa a jaka."

Binciken yana da kayan aiki. Tocila, mayen ƙarfe don gane inda aka cike da ƙwaɓin fenti, farin hankici da yake karawa a bakin salansa, tsohuwar tabarma ta kwanciya a ƙasan mota, sai doguwar sukudireba da yake ɗora bakinta a jikin inji, ya manna kunne a mariƙin, ya lumshe ido kamar likita. Kowace Asabar da safe ya hau bas zuwa filayen da ake sayar da tsofaffin motoci a bakin gari.

Da farko dillalai sun yi rububinsa. Tsoho mai fansho, da jaka a hammata, ai kasuwa ta zo da ƙafarta. Wani dillali mai ƙaton ciki da tabarau a goshi, wanda ake kira Sharp, ya ja shi gefe ya nuna masa wata Uwa ruwan toka.

"Baba, wannan ba don kowa na ajiye ta ba. Wata tsohuwa ce ke da ita, daga gida sai asibiti. Dubi mitarta, ko tafiya ba ta fara ba."

Bai san wa ya ce wa ya dubi mita ba. Baba Mita ya shiga, ya goge gilashin da babban yatsa, ya haska tocila, ya daɗe yana kallo.

"Yaro, wa ya juya muku wannan?"

"Juya me, Baba?"

"Lamba ta biyu ba ta zauna daidai da 'yan'uwanta ba, ta ɗan ɗaga kai. Kuma ga sawun sukudireba a kusurwa. Na kama masu otal da masu wankin mota da wani babban lauya da irin wannan aikin, kuma nasu ya fi naku kyau. Sannan tsohuwar taka da wace ƙafa take tuƙi? Robar birkin nan ta cinye har ƙarfe ya fito."

A gaban wasu masu saye biyu ya faɗi haka, da ƙarfi, domin kunnensa ɗaya ya fara nauyi. Masu sayen suka sulale. Daga ranar, in Sharp ya hango shi yana saukowa daga bas sai ya ce wa maigadi ya ce ba ya nan, makullai kuma suna hannunsa.

Gaskiya dai Baba Mita ya san abin da yake faɗa, kuma wannan ne ya fi ba mutane haushi. Ko bakaniken unguwa, wanda ake kira Sufana, yakan yarda da rabin maganarsa. Matsalar ita ce babu motar da ta taɓa cin jarrabawa. In injin ya yi, an sake fenti. In fentin na asali ne, hankici ya yi baƙi. In hankici ya fito fari, sai ya ce farin ya yi yawa, an zuba mata wani abu. Ya taɓa samun wata Uwa ta tsakiyar shekarun, mai giyar hannu, ba abin da ya same ta. Ya je ya gan ta sau huɗu. A na biyar ya tafi da niyyar ƙara sauraron injin da sanyin safiya, ya tarar wani malamin makaranta ya saye ta jiya, bayan ya zagaya ta sau ɗaya ya harbi taya da ƙafa.

"Zai gani," in ji Baba Mita.

Malamin bai ga komai ba. Har yau motar na kai shi makaranta.

A shekara ta uku aka yi masa babban laifi. Mijin babbar 'yarsa, ma'aikacin ɗakin gwajin jini, mutum mai ladabi da ba ya haɗa ido da surukinsa, ya sayi mota bai yi shawara ba. Kuma Jika ya saya. Ya kawo ta ranar hutu don a sa albarka, ya durƙusa ya gaida shi, ya miƙa makulli da hannu biyu. Baba Mita bai karɓa ba. Ya zagaya motar hannuwansa a baya.

"Daga gidanku zuwa wurin aikinka tafiyar minti nawa ce?"

"Kamar goma, Baba."

"Minti goma. To Allah ya sa alheri. Na ba ta wata shida."

Wata shida ya wuce, shekara ta wuce. Duk sanda 'yarsa ta kira, kafin ya tambayi jikoki sai ya tambayi mota. "Ba wata fitila da ta kama a gaban direba? Ba ta jijjiga da safe?" In ta ce lafiya lau, sai muryarsa ta yi sanyi kamar an yi masa rasuwa. Ya ƙi shiga motar. Ko asibiti za a kai shi duba ido, ya ce su yi gaba, zai biyo bas, yana son iska.

Sai a shekara ta uku da sayenta fitilar ta kama. Motar ta rage gudu a tsakiyar titi, ta ƙi wuce tafiyar keke. Da labarin ya iso, Baba Mita ya sa sabuwar riga, ya hau bas biyu, ya isa garejin da aka kai ta kafin mai motar ma ya dawo daga sayen ruwa. Ranar har waƙa ya yi a hanya. Ya tsaya kan mai gyara, wani matashi da kwamfuta a cinya, yana yi wa duk wanda ya wuce bayanin matatar hayaƙi. Matashin ya cire ta, ya wanke, ya mayar, ya danna wasu maɓallai, ya ce a hau babban titi a yi gudu na rabin awa. Kafin la'asar motar ta koma gida tana sheƙi.

"Wanki ba magani ba ne," in ji Baba Mita a hanyar dawowa, a cikin bas. Bai ci abincin rana ba, ya ce cikinsa ne.

Duk shekarun nan ɗakin mota bai zauna banza ba. Ya cika da tsofaffin mujallun motoci, da katifar da ta mutu, da keken jika mai taya uku. Wata kyanwa ta haihu sau huɗu a cikin ramin duba inji. Matarsa kuwa gwiwarta ta fara ciwo, kuma duk mako sai ta je kasuwa sayen yadi da zare, ta dawo da ƙunshi a ka daga tashar bas. Ba mai yawan magana ba ce. A shekara ta tara, wata safiya, ta ajiye masa shayi ta zauna, abin da ba ta saba ba.

"Malam, mai wanki da guga na ƙarshen layi yana neman shago. Na ce masa ya zo ya ga ɗakin nan farkon wata."

"Wane ɗaki?"

"Na kyanwa."

"Ɗakin mota kike nufi."

"In akwai mota a ciki farkon wata, ɗakin mota ne."

Ya yi faɗa, ya kawo tarihin nozul, ya ce su mata ba su san inji ba. Ta kwashe kofi ta koma kan kekenta. Ya san ta. Sau biyu kawai ta taɓa yi masa magana da wannan muryar, kuma duka biyun abin da ta ce shi aka yi.

Ya koma filayen motoci da gaske a karon farko, sai ya tarar duniya ba ta jira shi ba. Uwayen da ya raina shekara tara da suka wuce duk sun tsufa, an yi tasi da su, kujerunsu sun fashe. Abin da ya cika fili Jika ce, har ma da wata sabuwa bayanta da bai tanadar wa suna ba. Ya tsaya a rana da tabarmarsa a hammata, wani sabon dillali da bai san shi ba ya tambaye shi ko gadi yake nema.

Sufana ne ya cece shi. Ya ce akwai matar wani likita da ya rasu, tana son rabuwa da motar mijinta, Kaka ce, hannu ɗaya tun tana sabuwa. Da aka kwatanta gidan, Baba Mita ya ce ya san shi, mitarsu na hannun dama in an shiga, bayan bishiyar lemo. Ya san motar ma, ya sha kallon cikinta.

Ya je da kayan aikinsa duka. Mayen ƙarfe ya kama ko'ina. Lambobin mita a jere kamar sojoji. Likitan ya ajiye takardar kowane juyen mai a cikin wata jakar fata. Hankici ya yi baƙi, amma Kaka ce, baƙin hankici halinta ne. Ya kwanta a ƙasanta kusan awa guda yana neman abin da zai hana shi saye, bai samu ba. Ya fito jikinsa a sanyaye, kamar wanda aka yanke wa hukunci.

"Ta yi," ya ce, da ƙyar.

Ranar ɗauko ta, matarsa ta ce za ta raka shi. Mijin 'yarsa ma ya zo a Jikarsa, ya tsaya daga nesa cikin ladabi. Matar likita ta miƙa makulli tana share hawaye, ta ce a riƙe ta da amana.

A nan ne wani abu ya fito fili wanda ba wanda ya taɓa tunanin tambaya. Baba Mita yana da lasin. Ya yi shi tun yana saurayi, bayan darasi shida a wani fili, kuma bai taɓa bari ya mutu ba, duk lokacin sabuntawa yana kan layi tun kafin a buɗe ofis. Amma tun daga filin nan bai sake riƙe sitiyari ba. A shekara tara na bincike, ko sau ɗaya bai ce a ba shi ya ɗana ba. Kullum cewa yake, "Kai ja, ni in saurara."

Ya zauna, ya gyara madubi, ya jira fitilar ɗumama inji ta mutu kamar yadda ya sha koya wa mutane, ya murza makulli. Injin ya tashi da ƙarar tsakuwarsa. Ya saki kuloci, motar ta yi tsalle ta mutu. Ya sake, ta sake. A karo na uku ya taka totur da ƙarfi, ya sa giyar da yake zaton ta baya ce. Sitiyarin Kaka ba ya juyuwa da yatsa, sai da ƙwanji. Motar ta yi gaba, ta karkata dama, ta goge bishiyar lemo, ta hau kan mitar ruwan gidan ta zauna. Bututun ya fashe, ruwa ya yi sama ya fi katanga tsayi, yana sauka a kan rufin motar kamar ana kiɗa.

Baba Mita ya fito, ya durƙusa cikin ruwan, ya laluba bayan mitar ya rufe famfon da hannu ɗaya ba tare da ya duba ba. Wannan kam ya iya. Ya miƙe rigarsa na ɗiga.

"Kulocin yana da tsauri," ya ce. "Dama na lura."

Matarsa ta miƙa wa surukin jakarta. Ta naɗe mayafi a ƙugu, ta shiga ta ja kujera gaba, ta tayar da inji, ta sa giyar baya, ta sauko da motar daga kan mitar a hankali, ta juya ta a tsakar gidan ta fuskanci ƙofa. Sannan ta miƙa hannu ta buɗe masa ƙofar gefe.

"Shigo, Malam. Ka jiƙe."

Da suka wuce shataletale biyu ya juyo ya tambaye ta.

"A ina kika koya?"

"Wurin mijin 'yarka. Duk Asabar in ka tafi bincike. Shekara biyu ke nan."

"A Jika?"

"Da farko. Daga baya Sufana ya ba ni aron tasa mai giyar hannu. Ƙafar da ta saba da keken ɗinki kuloci ba ya ba ta tsoro."

Sai ya ce ta makara wajen sa giya ta uku.

Haka aka zauna shekara biyu. Ita ke tuƙi, shi yana gefe da hankici a cinya yana fassara mata kowace ƙara. A unguwa yakan ce idonsa ne ya hana shi tuƙi, likita ya gargaɗe shi. Da safe shi ke duba mai da ruwa, ya goge ta, ya tayar da ita ta yi ɗumi, hayaƙi ya cika layin, maƙwabciya ta kwashe shanyarta tana magana ƙasa-ƙasa. Motar ba ta taɓa mutuwa a hanya ba, kuma bai bar kowa ya manta da hakan ba.

Amma gwiwar da ta ji sauƙin ɗaukar kaya sai ta koma ciwon kuloci, kafaɗa kuma ta kama saboda sitiyari. Wata ranar Talata matarsa ta fita da Kaka, ta dawo da wata 'yar ƙaramar mota ja, ta fetur, mai canza giya da kanta. A wurin Sharp ta saya. Ta ce ta zauna a ciki ta ji kujerar ta yi mata daɗi, kuma bayan yana ɗaukar bandir shida na yadi. Binciken nata bai kai minti ashirin ba. Kakar kuwa Sufana ya karɓa, ya cire kujerun baya, yana jigilar buhunan siminti da ita.

Baba Mita ya yi kwana uku ba ya magana. A na huɗu ya fito da tocila ya duba mitar jar motar, ya daɗe, ya ce an juya, amma aikin ya yi kyau. Ya shiga ya zauna a gefe domin za a kai shi karɓar magani.

Yanzu shekararsa saba'in da ɗaya. In Kaka ta wuce ta bakin layi, bayanta na jan ƙasa saboda nauyin siminti, yakan miƙe daga benci ya nuna ta da sanda, ya ce wa na kusa da shi ya saurari injin, ko gezau. Kwanan nan jikarsa ta buɗe masa wani shafi a waya, ya gano motoci masu aiki da lantarki. Ya riga ya cika rabin littafi a kan batir. Ra'ayinsa shi ne kada kowa ya kuskura ya taɓa na farkon nan, na biyun ma gwaji ake yi da mutane. Shi dai zai jira na uku su fito, su tsufa, su faɗo kasuwar na hannu, sannan ya je ya duba da idonsa.